Bishiyar Fomelon Dalyop a Abbey Wood

Kafin Dalyop ya zama direban bas a Landan, mai lambu ne a Vom. Hannunsa ya san yadda ake yi wa mangwaro da lemu aure. Amma shekara ashirin ya yi yana kai da komo a kan Old Kent Road, bai taɓa ƙasa ba.

Ciwon matarsa Kachollom ne ya mai da shi ga shuka. Maganin ciwon daji ya ɗauke mata ɗanɗano, duk abin da ta sa a baki sai ta ji kamar toka. Wata rana ta ce garehul, babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, take marmari, irin na bayan gidan mahaifinta. Dalyop ya zaga kantuna bai samu mai kyau ba, sai wani ƙaton lemu mai kaurin ɓawo da ake kira fomelo. Ta ci ɓari biyu, ta ce, "Baban Tabitha, wannan na ji shi." Ta tsince 'ya'yan, ta tura su cikin wani tsohon bokitin fenti. Guda ɗaya ya tsiro. Yana da ganye shida ta rasu.

Daga nan Dalyop ya rungumi renon tsiron. Da bazara ya fitar da shi tsakar gida, sanyi na kawo kai ya jawo shi falo. Shekara shida ana haka, har bishiyar ta kai silin, ƙayoyinta suna yaga labule, shi kuma gwiwoyinsa suka fara gazawa.

Maƙwabcinsa Abdul-Salam, wani likita ɗan Zariya da ya yi ritaya, shi ne ya tarar da shi yana haƙa rami a gindin katanga.

"Baban Tabitha, kar ka dasa ta a waje. Duk cikin dangin lemu babu rago wajen sanyi irin fomelo. Akwai wani iri na Japan mai jure ƙanƙara, bari in yi maka oda."

"Likita, ni ba lemu nake nema ba."

"To ka rage mata tsawo, ta ci gaba da zama a ɗaki."

"In na sare kanta, yaushe za ta yi fure? Ta kusa fa."

Ya dasa ta inda rana ke bugun katangar. Da hunturu ya ƙarato ya tanadi bargo da ciyawa, yana sauraren hasashen yanayi kullum. An taɓa sa masa ranar aikin gwiwa aka soke har sau biyu. Sai a watan Disamban 2022 asibiti suka kira shi. Yana kwance a gado ya hango dusar ƙanƙara tana sauka ta taga. Ya kira 'yarsa Tabitha, ita kuwa tana Leeds wurin aiki. Ya kira Likita. Dattijon ya tsallaka da sandarsa ya lulluɓe bishiyar, ya ɗaure da igiya. Sai dai sanyin ya fi mako bai saki ba.

Da aka sallamo Dalyop, ganyen duk sun nannaɗe sun yi baƙi, ɓawon ya tsage. Ya ce a bar ta, ai itace yakan yi suma. Kowace Lahadi bayan coci sai ya kankare ɓawon da farce yana neman kore, kowane mako yana ƙara yin ƙasa. A watan Mayu ya kai gindi, ko'ina busasshe.

Likita ya kawo zarto, ya tsaya a gefe. Dalyop ya yanka da kansa.

"Ai ka faɗa mini, Likita," in ji shi.

"Ban faɗa don in yi gaskiya ba, ɗan'uwa. Allah ya ba ka haƙuri."

Bayan wata biyu Tabitha ta aiko masa da irin na Japan ɗin, ba ta yi shawara da shi ba. Ya dasa, don bai iya barin shuka ta mutu a tukunya. Ta wuce hunturu biyu ko gezau, bana har ta yi 'ya'ya tara, ƙanana masu tsami. Ya zuba su a leda ya kai wa iyalin Likita, ya koma gida yana ɗingishi.