Farfelar Jirgi a Maƙerar Babana

Shekarun baya can, zamanin da inji bai daɗe da shiga jiragen katako na Bahar Maliya ba, na taɓa ɗauko farfelar jirgi tun daga Jidda na kawo ta Makka gyara. Duk wanda na soma ba wa labarin nan sai ya yi dariya tukuna, don Makka dai babu inda ko ƙwarya za ta yi iyo, balle jirgi. To, ga yadda aka yi.

Ni ɗan maƙera ne. Mahaifina Bakano ne, maƙerin tagulla, yana da 'yar rumfa a ƙofar gidanmu da ke unguwar Mansur a Makka, inda yake gyaran butocin gahawa da tukwane da faranti. Na koyi sana'ar daidai gwargwado, amma zama wuri ɗaya bai karɓe ni ba. Da na tasa sai na gangara Jidda, ni da wani abokina muka haɗa hannu muka mallaki tsohon sambuk, wato jirgin katako mai ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. Daga baya muka sa masa ɗan inji na hannu saboda ranar da iska ta ƙi. Mahaifina bai taɓa zuwa ya ga jirgin ba. Ya ce sau ɗaya ya tsallake tekun nan, amansa na ranar ya ishe shi har abada.

Ina da yaya mace, ita ce 'yar fari a gidanmu. Lokacin da iyayenmu suka biyo hanyar Sudan ta yi aure a can, aka tsallako da ni ina ɗan ƙarami aka bar ta. Iyayena kuwa mutanen da ne, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin ɗayansu ya kama sunanta ba, ko ya ce yana kewarta. In zance ya biyo ta kanta, mahaifina ya ce "yarinyar nan", mahaifiyata kuma ta ce "waccan", shi ke nan a wuce.

Bayan sallah ƙarama wani alhaji ya iso da saƙon baka. Mijin yayata ya rasu, ta fita takaba, kuma ta biyo dangin mijin zuwa Sawakin, garin da ke bakin teku a ɓangaren Sudan, tana zaune tana jiran wani namu ya je ya ɗauko ta. In wata ya mutu ba a je ba, dangin za su juya da ita yamma, kuma wanda ya san nisan hanyar nan ya san ba lalle a sake ganinta ba. An ce da mahaifina ya ji, sai ya ce Allah ya jiƙan mamacin, sannan ya tambayi baƙon ko an samu damina bana a Sudan. Mahaifiyata ta tashi ta shige ɗaki, wai hayaƙi ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Saƙo ya same ni a Jidda, muka hau shiri. Ana cikin haka, muna dawowa daga kai kaya wani ƙauye, jirgin ya goga duwatsun nan da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Da muka ja shi tudu muka duba, cikin fikafikan farfela uku ɗaya ya lanƙwashe a baki, ɗaya ya ɗan lotsa, ɗaya ne kaɗai lafiya lau. Sandar ƙarfen da ke juya ta daga inji ita ma ta ɗan tanƙware. Zuwa Sawakin ba matsala, iska za ta kai mu. Dawowar ce aiki, don iskar a goshi take, kuma ba na so in ɗauko mace da 'yan kayanta mu yi ta lilo a teku ruwan sha na ƙarewa. Sabuwar farfela kuwa sai an aiko da ita daga ƙetare, kafin nan wata ya daɗe da mutuwa.

Abokina ya ce, "Ya shehi, ba kai maƙeri ba ne? Yalla, kai ta rumfar babanka ka buga."

Na naɗe farfela a buhu, na saɓa sanda a kafaɗa, na hau motar kaya. Na iso gida da la'asar, na jingine su a rumfa na ce wa mahaifina, "Baba, kayan jirgi ne suka lanƙwashe. Gobe in na dawo daga Harami zan ari maƙerarku." Ko kallon buhun bai yi ba, ya ce, "Tayyib."

Washegari da hantsi ina dawowa daga ɗawafi, tun daga bakin lungu na ji guduma. Na san sautin gudumarsa a kan buta, ɗan ƙwas-ƙwas ne a hankali. Wannan kuwa duka ne na mai sauri. Na tattare riga na sheƙa da gudu, ƙato da ni.

Na tarar da shi zaune gumi ya jiƙe masa gemu. Fikafikai biyu sun miƙe sumul, sun baje kamar farantin shayi, har wani ƙyalli suke yi. Na ukun, lafiyayyen, yana kan uwar maƙera, guduma tana sama.

"Baba! Don Allah ku tsaya!"

"Esh fi, ya walad? Mene ne, yaro? Za ka fasa min kunne?" Ya sauke hannu yana haki. "Ga biyu nan na miƙe maka. Duka ukun sun murɗe, ban san wane irin tuƙi kuke yi ba."

"Baba, ai haka ake ƙera ta. Murɗewar nan ita ce ke tura ruwa. Bakin guda ɗaya ne kawai ya lanƙwashe."

Ya dube ni, ya dubi aikinsa. "Wane maƙerin banza ne zai ƙera abu a karkace ya sayar wa mutane?"

Wallahi a lokacin ban san kuka zan yi ko dariya ba. Na durƙusa ina ta bayani, ina murɗa tafin hannu, na ɗauko mafici ina fifita ƙasa, duk a banza. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana miƙe abin da ya lotsa, ga ɗansa yana ce masa ya lotsar da abin da ya miƙe. Ya ce shi bai ga hankali a ciki ba. Muna cikin jayayya sai muka ji muryar mahaifiyata daga bayan zana.

"Malam, a yi yadda ya ce. Watan nan ba ya jira."

Tun da aka kawo saƙon, wannan ce kalma ta farko da ta furta a kai. Mahaifina ya share gumi da gefen riga, ya ce mini, "To, tsaya kallona za ka yi? Kawo yumɓu."

Dabarar tasa ce. Ya kwaɓa yumɓu ya danna shi a bayan fiffiken da ya tsira, ya ɗauki siffarsa, muka shanya a rana, ranar Makka kuwa ba ta ɓata lokaci. Shi ya zama ma'auninmu. Ina zuga wuta, yana gasa tagullar har ta yi ja, a bar ta ta huce ta yi laushi, sannan a ɗora a kan kututture a dinga bugu kaɗan-kaɗan ana gwadawa da yumɓun. Duk bugu ɗaya sai ya yi tsaki, ya ce bai taɓa ɓata aikinsa da hannunsa ba sai yau. Tsorona kada ta tsage, don tagulla in ta sha duka da yawa fushi take yi. Allah ya taimaka ba ta tsage ba.

Da siffa ta fito sai muka zura mata ƙarfe a tsakiya muka ɗora a kan bakin wuƙaƙe biyu. Fiffiken da ya fi nauyi shi ke gangarowa ƙasa, sai a bi shi da magagari a rage, a sake ɗorawa, har ta zama duk inda ka tsai da ita nan take tsayawa. Sandar kuma na kwantar da ita a kan itace biyu masu gwafa, ina mirgina ta ina riƙe da gawayi kusa da ita. Inda gawayi ya taɓa, nan ne tudun, nan za a danna. Mahaifiyata ta narka kitsen rago ta jiƙa mana igiyar da ake cusawa inda sandar ke fita daga jirgi don kada ruwa ya shigo. Ta miƙo mini ta bayan zana.

Kwanaki kaɗan muka gama. Na ɗauko buhu zan naɗe, sai mahaifina ya dafe farfelar.

"Abin da ban gwada ba ba ya fita daga rumfata. Buta ma sai na zuba mata ruwa."

"Baba, ina za mu sami teku a nan?"

"Halas, magana ta ƙare, na faɗa."

Ruwa a Makka a zamanin ba abin wasa ba ne, a kafaɗa ake kawo shi garwa-garwa. Amma rabin maƙwabtanmu 'yan garuwa ne, kuma duk sun san dalilin aikin ko da yake ba wanda ya furta a gaban tsohon. Akwai wani dogon kwami na dutse a bayan unguwa da ake shayar da raƙuma. Kafin in ankara, wannan ya juye garwa, wancan ya juye, ana "Bismillah, ga tawa." Aka cika shi. Muka ɗaura farfela a sandarta, muka kwantar a ciki, na damƙe ɗaya ƙarshen da awartaki ya zama mariƙi. Wata tsohuwa ta watsa dusa a kan ruwan don a ga motsinsa.

Na fara juyawa. Dusar ta yi ɗan rawa, sai ta kwasa a guje ta yi baya, ruwa ya daki ƙarshen kwami ya fallatso. Wuri ya kaure da kabbara, mata suna guɗa. Mahaifina ya ture ni gefe.

"Ba ni nan."

Ya juya, ruwa ya tafi. Ya juya baya, ruwa ya dawo ya watsa masa a fuska. Sai ga tsoho yana ƙyaƙyata dariya har dasashi a waje, rigarsa sharkaf, yana cewa, "Mashallah! Ashe karkataccen ma da aikinsa!" Ya ƙi sakin awartakin sai da mai raƙuma ya zo ya ce dabbobinsa na jin ƙishirwa. Ban taɓa ganinsa cikin irin wannan farin ciki ba, ni ma na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Na koma Jidda, ni da abokina muka mayar da komai, muka tura jirgi ruwa. Mun isa Sawakin wata bai mutu ba. Ina cikin tambayar mutanenmu a bakin gaɓa, wata mata mai 'yar furfura ta tsura mini ido, ta ce, "Kai, waɗannan kunnuwan na Baba ne." Ta riƙe ni tana kuka, ni ma ban iya daurewa ba. A dawowa iska ta tsaya mana a goshi kamar yadda na zata, muka naɗe ƙyalle muka tayar da inji. Jirgin yana ɗan karkarwa, ba zan ɓoye ba, amma ya yi ta yanka ruwa har muka hango Jidda.

Mun shigo unguwa da rana tsaka. Mahaifina yana rumfa, buta a hannu. Yayata ta durƙusa daga nesa.

"Baba, na same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya hanya?" Butar yake amsa wa. Sai ya juyo gare ni. "Farfelar ba ta ba ku wahala ba?"

"Ko kaɗan, Baba."

"Ba ta girgiza?"

"Kaɗan dai."

"Igiyar fa, ba ta yoyo?"

Haka ya yi ta jero mini tambayoyin jirgin da bai taɓa gani ba, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kan butar, shi kuwa yana ta goge ta kamar ba daga idonsa suke ba. Can ya ce, "Ka ce wa baƙuwar nan ta shiga ciki, rana ta yi yawa." Yayata ta yi dariya cikin kuka ta ce, "Na ji, Baba." Tana kaiwa bakin zana wani hannu ya fito ya fizge ta ciki, abin da muka ji daga nan kuma ba na maza ba ne.

Yanzu ni ma na tsufa, na haifi nawa ɗan farin, kuma ina kiran sunansa ba kunya, zamani ya canza. Amma duk lokacin da na tuna safiyar nan raina yakan yi fari. A da ina ganin gaggawa ce kawai ta sa tsohon ya far wa farfelar ban dawo ba. Sai daga baya na gane ba shi da bakin da zai ce in yi sauri in ɗauko masa 'yarsa, guduma kaɗai gare shi.

Yayata ta zauna tare da su har ƙarshen rayuwarsu, kuma har ya koma ga Allah ban ji sunanta a bakinsa ba. Sai dai kowace safiya, kafin ya hura wuta, yakan leƙa ta saman zana ya tambayi mahaifiyata, "Baƙuwar nan ta karya kuwa?"