Mai Rijiya da Ƙasar da Ke Tafiya

Gwaggo na cikin takaba igiyar guganta ta tsinke, gugan ya faɗa rijiya. Ba ta gaya wa kowa ba, maƙwabcinta ne ya ji ƙarar ta bayan katanga. Ya yi sallama, ya shigo da ƙugiya kansa a sunkuye, ya ciro gugan, ya sake masa ɗauri, ya ajiye mata shi cike da ruwa a ƙofar ɗaki. Tun ranar Gwaggo take sa maƙwabcin nan nata a addu'a.

Mai Rijiya ake ce masa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, jar laka ba ta barin ƙarƙashin farcensa ko ranar Juma'a. Ya san cikin ƙasa kamar ɗakinsa: baƙa a sama, sai ja, sai marmara mai cin bakin diga, sai yashi mai sanyi, sai ruwa. A wurinsa nan duniya ta ƙare.

Wata la'asar Gwaggo na lazimi, sai kwanuka suka hau kaɗawa, tabarma ta zame da ita kaɗan. Ta zaci jiri ne, sai ta ji layi ya ɗauki salati. Ba gidan da ya faɗi, amma gefen rijiyarta ya zube ciki, ruwan ya koma taɓo. Dole a yashe ta, kuma ba mai shiga sai shi.

Ya zo dubawa tare da babbar 'yarsa, malamar makaranta. Don ta kwantar masa da hankali ta karɓi dafaffen ƙwai wurin Gwaggo, ta ƙwanƙwasa shi har ɓawon ya tsattsage.

"Baba, ka ga duniya. A kan ɓawon nan muke, kuma ba guda ba ne, faranti-faranti ne. Farin nan dutse ne mai zafi da ke motsi a hankali, kwanduwar kuma ƙarfe."

"To ruwan fa, yana ina?"

"A cikin ɓawon yake. Duk haƙan da ka yi a rayuwarka ko ɓawon ba ka huda ba."

Ya dubi hannuwansa. "To, na gode."

"Ba raini ba ne, Baba. Farantan suna tafiya, kamar yadda farce ke tsiro. In biyu suka cije suka daɗe, ranar da suka kuɓuce ita ce girgiza."

"Tafiya ina?"

"Wasu gabas, wasu yamma."

"Da gidana a kai? To yaushe za su sake kuɓucewa?"

"Wannan kam ba wanda ya sani."

Abin da ya dami Gwaggo daban ne: in ƙasa na tafiya, alƙibla fa? Ta kwana biyu tana gyara dardumarta, har Malama ta rantse mata cewa jikan jikanta ma ba zai ga bambanci ba.

Shi kuwa ya kasa shiga rijiya. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zura ƙafa ɗaya, ya janye. Abokan aiki suka samu abin tsokana: "Malam, yau farantin naka ya kai ina?" Aiki ya fara komawa hannun wasu.

Sai ya ɓullo da dabara. Ya girke kwanon ruwa a bakin rijiya, wai in ya motsa, ƙasa ce. Babbar mota ta wuce, ruwa ya kaɗa. Maƙwabta suka yi daka, ya kaɗa. Malama ta ce kwano ba ya hango girgiza, ya ce ita ma ai ba ta hangowa.

Wata safiya ya shigo gidan Gwaggo da igiya da abokin aikinsa mai jan ta. Ya tsaya yana murza hula.

"Gwaggo, in ban shiga yau ba, na bar sana'ar ke nan. Wannan abokin nawa, da kaza ta gifta zai yi ihu ya saki igiya. Ke kuwa kin iya zama, kin san ƙarar mota, kin san ta turmi. Don Allah ki jawo tabarmarki nan, ki sa mini ido a kwanon. In ya yi motsin da ba ki san mai shi ba, ki leƙo ki kira ni."