Sunan Matar da ke Jikin Dutse

Kawuna Anacleto Tzuc bai taɓa zama a aji ba, amma shi ya adana wa masu digiri dutsen da suka yi suna da shi. Yana saran daji don gonar masara ya tarar da shi a kwance, ya fi mutum tsawo, da siffar mace a gaba da rubutun kakanninmu, mutanen Maya, a gefe. Ya kira maza shida suka tayar da shi, ya yi masa rumfar kaba don kada ruwan sama ya cinye rubutun.

Duk lokacin shuka yakan kai wa matar kunun masara a ƙoƙo, ya ƙona turaren ƙaro. A wurinmu ba a ajiye ƙoƙo sai an kira sunan mai shi, in ba haka ba kowace iskar daji sai ta sa baki. Kawu bai san sunanta ba. "Mai wurin nan" yake ce mata, abin kuwa yana cin ransa.

Sai ga wata Baturiya, Dakta Maren, da mutanenta. Rani huɗu suna zuwa. Rubutun ba ya fitowa sosai sai haske ya buge shi a kaikaice, don haka kawu ke riƙe madubi yana juya rana a kan dutsen tun safe har ta take, idonsa na zubar da ruwa, ita tana zanawa. Takan tambaye shi yadda muke kiran tsuntsu kaza, yadda muke cewa mutum ya hau mulki. Duk ya ba ta, bai rage komai ba. Abu ɗaya ya roƙa, sunan.

"Da sauran aiki, Don Anacleto," in ji ta, tana sa masa laƙabin girmamawa na "Don". "Ranar da muka karanta shi, kai za ka fara ji."

Ba ta dawo ba. Abin da ya zo babbar mota ce da takarda mai hatimi, aka ɗaure dutsen da igiya kamar saniyar sayarwa, aka tafi da shi gidan tarihi a birni. Idon kawu ya yi ta dushewa har ya rufe. Ban ce madubin kaɗai ba ne, amma kada wani ya ce mini ba ruwansa. Duk da haka bai fasa kai ƙoƙo bakin ramin da dutsen ya bari ba.

Ina koyarwa a birnin Merida na ci karo da littafinta. Shekara tara da bugawa. Ga sunan nan ɓaro-ɓaro: Ix Sak Mo', wato Farar Aku, da kalmar da muke faɗa a gida har gobe. Har sunan wanda ya sassaƙa dutsen sun karanto. A shafin godiya an gode wa jami'a, an gode wa mai buga takardu. Kawu kuwa "wani manomin yankin" ne.

Na hau mota na tafi ƙauye, na same shi a gadon lilo yana ɓarzar masara da hannu. Na faɗa masa sunan. Ya maimaita sau uku a hankali, sannan ya tambaye ni yaushe suka gano. Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi, na ce masa shekara tara ke nan.

"Tara," ya ce. "Shuka tara ke nan, 'yata. Ko takarda ba su da ita ne a ƙasarsu?"

Ya sa aka dama kunu, na riƙe hannunsa har rumfar. Ya durƙusa ya lalubi bakin ramin, ya ajiye ƙoƙon, ya buɗe baki zai kira. Sai ya fasa, ya juyo da fuskarsa wajena.

"Lokacin da take nan ba ni da suna," ya ce. "Yanzu ga suna. Wa zan kira?"