Hancin Tambaya Mai Ƙosai

Duk wanda ya ci kasuwar Tambuwal a zamanin Jihar Arewa ya san Tambaya mai ƙosai, 'yar Sanyinna. Mace ce mai baki kamar reza, tana suya tana tsokanar direbobi, su kuma ba su iya wuce kaskonta. A shekarar da aka samu mulkin kai wata saniya ta tsinke daga hannun mahauta, ta kai mata ƙaho a fuska, ta tafi da rabin hancinta.

Rauni ya warke, ciniki ya mutu. Mutum mugun abu ne: wanda jiya yake lashe yatsa a gabanta, yau sai ya kau da kai ya saya a gaba. Ba kyau Tambaya take nema ba, so take a sake cin abin hannunta ba tare da ƙyama ba.

Aka sa ta a mota zuwa Sakkwato. Can wani likita ya yanko fata daga goshinta, ya juyo da ita ƙasa, ya gina mata hanci. Da zai sallame ta ya sa tafinta ya gaya mata cewa kumburin zai daɗe, launin fatar zai yi ta canzawa, kuma kada a taɓa wurin da komai.

Ta dawo gida da hanci kamar ɗanyen gauta, yana sheƙi, yau ja gobe shuɗi-shuɗi. In ta shafa shi sai ta ji kamar na wani take shafawa. Tsoro ya kama ta.

Gwaggonta Hinde, wadda ta raine ta, ungozoma ce da ta yi wa rabin matan Sanyinna wankan jego. A wurinta babu kumburin da ya fi ƙarfin gashi da ruwan zafi. Ta dafa ruwa da ganyen tsamiya, ta tsoma tsumma.

"Gwaggo, likita ya ce kar a taɓa."

"Likita na ya haife ki? In kin ji zafi ki faɗi."

Ta ɗora mata tsumman a hanci.

"Mi kika ji?"

"Babu abin da nika ji, Gwaggo."

"To bai ratsa ba."

Ta ƙara wuta. Gaskiya Tambaya ta faɗa, don sabuwar fata ba ta jin zafi ko kaɗan, amma tana ƙuna kamar kowace fata. Haka aka yi ta dafa hancin safe da yamma, da bismilla da addu'a, har ya yi baƙi ya bushe. Da aka koma Sakkwato likitan ya duba ya girgiza kai. Goshi ɗaya Allah ya ba ta, an kuwa riga an kashe shi.

Tambaya ta tsufa da gyale a kan fuska, tana jiƙa wake tana surfe wa wasu masu suya. Abin da ya fi ci mata rai, Hinde ba ta taɓa sanin ta yi ɓarna ba. Duk gidan suna sai ta jawo ta gaban mata.

"Kun ga ɗiyag ga? Aikin asibiti ya so kashe ta. Ba don gashina ba da ruɓar ta kai ido. Ko ba haka na ba, Tambaya?"

Tambaya takan dubi hannuwan da suka goya ta, sannan ta amsa.

"Haka na, Gwaggo. Na gode."