Lambun Kakana a Gidan Surukinsa

Jiya maƙwabciyata ta nuna mini tumatirin da ta shuka a buhu, na tsinki ganye ɗaya na murje a yatsa. Ƙamshin nan mai ɗan kaifi yana bugun hancina sai ga ni na koma 'yar firamare a unguwar Pantami ta Gombe, cikin rigar sanyin da ta yi mini yawa, riƙe da gwangwanin ban ruwa wanda aka hudhuda da ƙusa. Bari in ba ku labarin yadda lambu ya shigo gidanmu, domin ba da shi muka tashi ba.

A shekarun nan ne da hankali ya ƙi kwanciya, lokacin da sai an caje jakarka kafin ka shiga makaranta ko masallacin Juma'a, kakana na wajen uwa ya zo mana. Garinsu yana kudancin Borno, a bakin kogi, kuma shi duk rayuwarsa ɗan lambu ne. Da 'yan bindiga suka shiga garin, ya fito da kayan jikinsa da 'yar rediyonsa ya hau motar da ta samu. Inna ta yi kuka, ta yi dariya, ta yanka masa kaza. Mu yara kuwa murna kamar ranar Sallah. Ni ya fi ja da wasa, yana kirana amaryarsa, wai tunda ya aure ni bai taɓa cin tuwon da ya nuna ba.

Sai dai gidan na surukinsa ne. A tarbiyyar su Kaka, dattijo ba ya tarewa a gidan mijin 'yarsa, balle ya zauna yana cin guminsa. Babana kuma Bafulatani ne, malamin makaranta, kunyarsa ta ninka ta Kakan. Sai ga manya biyu suna wasan ɓuya a ɗan ƙaramin gida. In Baba ya ji tarin Kaka a tsakar gida, sai ya koma ɗaki ya tsiri neman hular da ke kansa. Gaisuwar safe daga bakin ƙofa ake yi, a durƙushe, takalmi a cire, kowa yana kallon ƙasa. In da saƙo, ni ce ke kaiwa, ko da suna jin numfashin juna.

Da farko dariya abin yake ba mu. Muka daina dariya da muka ga kwanon Kaka yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Ya rame, wasan amarya ya ragu. Wata rana ina tsince wa Inna shinkafa na ji ya ce mata, "Na huta haka. In direban garinmu ya sake shigowa, zan bi shi."

"Baba, garin ba kowa. Hanyar ma ba ta biyuwa."

"Akwai ɗakina," in ji shi.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Yarinya ce ni, amma ina jin abin da rediyonsa ke faɗa game da wannan hanya.

Sanyi ya fara shiga ke nan Baba ya dawo daga makaranta da sabuwar fartanya da ƙullin iri. Ya ce tunda shiga kasuwa ya zama sai da addu'a, gara mu noma kayan miyarmu. Akwai ɗan fili a bayan ɗakuna inda muke zubar da toka, kaji na tono. Nan ya duƙa, ya tara ƙasa tudu-tudu a jere irin na shukar dawa da damina, ya barbaɗa irin latas a can ƙololuwa, ya kwarara jarkar ruwa. Ruwan ya gangaro abinsa, ya ratsa tsakar gida ya fice ta rariya. Wanda ya zauna a Gombe ya san abin da ake nufi da jarkar ruwa, sai ka tsaya a titi kana leƙen mai kurar ruwa kafin ka samu.

Kaka yana zaune a tabarma yana kallo. Ranar farko ya yi gyaran murya. Washegari ya juya wa wurin baya, ya ƙara wa rediyo murya. Da abin ya ishe shi ya yafito ni.

"Amarya, je ki ce wa Malam, wai ruwan nan wani laifi ya yi masa da yake korarsa waje?"

Na kai saƙo. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki ce masa Allah ya ja kwana, iyakar sanina ke nan. Mu shanu muka sani."

Kaka ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ce in karɓo masa fartanyar.

Daga ranar na san cewa noman rani ba tudu yake so ba, kwari yake so. Kaka ya baje aikin Baba tas, ya yanka komaye, wato 'yan filaye masu zurfi da aka kewaye da bakin ƙasa don ruwa ya kwanta ya jiƙa. Ya aike mu gidan maƙwabta neman busasshen kashin awaki. Ya kafa kara, ya yafa tsohon gidan sauro saboda kaji. Sannan ya kafa doka: ruwan wanke shinkafa na lambu ne, ruwan sabulu kada ya kusanci wurin, kuma duk mai alwala a gidan nan ya zo ya yi ta a bakin komi.

Wannan dokar ce ta kama su. Baba ba shi da ikon ƙetare maganar suruki, Kaka kuma ba zai karya dokarsa ba. Sai ga su da asuba, kowa da butarsa, ɗaya a wannan ƙarshe ɗaya a wancan, ruwan sanyi na sa su jan numfashi ta haƙori. A hankali suka fara magana, amma da shuka suke yi. Kaka ya dubi tumatir ya ce, "Wannan na son sanda." Baba ya dubi albasa ya ce, "To, za a samo." Ni da ƙannena mu toshe baki da mayafi.

Wurin ya yi kore shar. Alayyahu ya fara zuwa, latas ya buɗe, tumatir ya soma ja. Ina son safiyar nan, hannuna na daskarewa a jikin gwangwani, ƙasa na shan ruwa da 'yar ƙara, Kaka na mita wai amaryarsa ta fi kaji ɓarna. Amma 'yar jakar da ya haɗa don tafiya tana nan a ɗaure a ƙarƙashin gado, kuma duk mun sani.

Ranar da aka ce direban ya shigo gari kuma zai biyo da yamma, Inna ta kasa zama wuri ɗaya. Kaka kuwa ya nufi lambu. Ya yanko latas, ya tsinko tumatir, ya ce a yi masa kwaɗo da ƙuliƙuli a babban faranti. Ya shimfiɗa tabarma a tsakanin komaye, ya ce in kira Malam.

Baba ya zo ya tsaya daga nesa, ya cire takalmi.

"Matso, Malam," in ji Kaka, ba ta bakina ba wannan karon. "Gidan naka ne, amma nan lambuna ne. Yau kai ne baƙo. Sa hannu."

Baba ya zauna yana tsakura kamar sabuwar amarya, Kaka kuwa ya ci har ya suɗe yatsu. Suna cikin haka direban ya yi sallama a ƙofa. Kaka ya fita, mu duka muka bi bayansa.

"Ka gaishe da duk wanda ka tarar," ya ce masa. "Ina da aiki a hannu. In na bar wa Malam albasar nan, kashe ta zai yi."

Inna ta shige madafi tana dariya tana share ido da gefen zani. Daga ranar kwanon Kaka ya riƙa dawowa wayam, tunda hatsi na Malam ne amma miya tasa ce. Ba a daɗe ba muka ji 'yan bindiga sun sake shiga garinsu. Kaka ya daɗe yana ban ruwa a yammacin nan.

Har yau Baba na cewa shi da gaske bai iya ba. Inna kan ce, "Mutumin da ya koyar da darasin noma a aji?" Sai ya kama neman hularsa.

Kaka ya ga lokutan sanyi da dama tare da mu. Da hanya ta yi lafiya Baba da kansa ya raka shi gida, kuma a ɗakinsa ya cika bayan shekaru, cikin 'yan'uwansa. Yanzu zamani ya juya, mijina da Baba faranti ɗaya suke ci, kowa na latsa waya. Pantami ta cika, duk mai ɗan fili ya fasa katanga ya fitar da shago. An sha ba Baba shawara ya gina ɗakunan haya a bayan gidan, yanzu da ya yi ritaya. Yakan saurara har a gama, sannan ya ce, "Ai ba ni da iko da wurin. Na surukina ne."