Yaya Ummaru da Kiɗan Sha Biyun Rana

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan wata, da muka kai yayana Ummaru makwancinsa a Boɗinga. Tela ne, a bakin kasuwa ya ƙare rayuwarsa. Abu biyu kawai na san suna ɗauke ƙafarsa daga kan keken ɗinki: kiran salla, da shirin kiɗan gargajiya da wani gidan rediyo ke sawa da ƙarfe sha biyun rana. Ni ƙanensa ne, Mamman, na koyar a firamare a Shagari har na yi ritaya. Shi bai yi boko ba, don haka duk wasiƙar da ya aika wa gidan rediyon nan da hannuna aka rubuta ta.

A wancan zamani shirin awa guda ne cur. A sa kiɗan fada na kotso da taushi, a sa na noma, wani lokaci a sa gurmi ko goge. Da an buɗe sai rumfar Yaya ta cika: mai gyaran takalma, da mahauta biyu, da Alhaji Sani mai goro, wanda ke zuwa daga Shagari duk ranar kasuwa. Shi da Yaya ba su taɓa shiryawa a kan waƙa ba. Alhaji Sani na cewa kiɗan fada roƙo ne aka sa wa babbar riga. Yaya na cewa wanda bai iya sauraron kotso ba, kunnensa bai balaga ba. Sun fi shekara ashirin suna wannan gardama, amma in ɗaya bai zo ba, ɗayan haka zai yini fuska ba walwala.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci nake zuwa da takarda da biro. Ƙorafinsa bai cika canjawa ba. Mai gabatarwa yana jero gaisuwa a kan kiɗa. An kira taushi da sunan kotso. An katse waƙa tun 'yan amshi ba su sauke ba, wannan kuwa shi ya fi ƙona masa rai. Yakan ce mini, "Rubuta mai, ka ce ba a yanka waƙa awa yadi. Ko yadin ma sai an gwada kahin a sa almakashi."

Sau ɗaya aka karanta wasiƙarsa. Mai gabatarwar ya ba da haƙuri, ya saki waƙa guda har ƙarshenta bai ce uffan ba. Mutanen rumfa suka yi ta yi wa Yaya barka. Shi ko ya ɗaure fuska ya ce ai dama haka ya kamata, amma mai gyaran takalma ya rantse mini ranar sai da ya yi ta laluben kafar allura ya kasa zura zare.

Akwai abin da bai taɓa bari na sa a takarda ba. Mahaifinmu ɗan amshi ne a ƙungiyar wani makaɗin noma na wajen Lambara, kuma sau ɗaya ma'aikatan rediyo suka ɗauki kiɗansu. Mahaifin namu ya rasu ina goye, ba shi da hoto. A waƙar nan muryarsa ce ke hayewa sama da ta saura a ƙarshen kowane amshi. Kunya ta hana Yaya ya ce wa baƙi muryar ubansa yake nema, sai dai a ƙasan kowace wasiƙa ya ce in roƙa a sa waƙar noman mutanen Lambara. A shekara da ƙyar a sa ta sau biyu. Ni da nake aji ina koyarwa a lokacin shirin, ban ji ta ya fi sau huɗu ba. Wato mutumin da ke kare kiɗan fada da bakinsa, waƙar noma yake jira kullum. Alhaji Sani ya san haka sarai, bai kuma taɓa goranta masa ba ko a tsakiyar gardama.

Sannu a hankali shirin ya fara ƙanƙancewa. Aka mai da shi rabin awa, rabin awar ma tallar magani ta cinye ta. Aka koma sau ɗaya a mako, daga nan aka daina ba tare da sanarwa ba. Yaya ya ci gaba da kunna rediyo da sha biyu, mu kuma muka ci gaba da rubutu, ba amsa. Ana cikin haka ciwo ya shanye masa ɓarin jiki. Yana kwance ya roƙe ni in je in samo masa waƙar a kaset.

Sau uku na je gidan rediyon. Na farko aka ce mai makulli ba ya nan, na biyu aka ce in dawo wani mako. A na uku wani dattijon ma'aikaci ya tausaya mini ya buɗe ɗakin ajiya. Fayafai ne jibge a ƙasa, rufi ya yi yoyo a kansu damina bayan damina, gara ta cinye kwalayen da ke ɗauke da sunaye, injin da ke juya su kuma ya daɗe da mutuwa. Ya ce ya san waƙar, da hannunsa ya sha sa ta, amma ko ya gano faifan ba abin da zai fito daga ciki.

Da na dawo na ce wa Yaya suna kan nema. Ya dube ni, ya ce, "Bari wahal da kanka, Mamman. Sun ɓad da ita." Bai sake tayar da maganar ba. Bayan wata biyu ya cika.

Ba gidan rediyo kaɗai ke da laifi ba. Shekara da shekaru akwai rikoda a gidana, ban taɓa tunanin kai masa ita ya ajiye kusa da keke ya ɗauki waƙar in an sa ba. Mun ɗauka abin da ya shiga rediyo ya fi ƙarfin ɓata. Da na sani ƙeya ce.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ba a taɓa neman ra'ayin mai sauraro kamar yanzu ba, kowa da waya a hannu, layi a buɗe. Amma abin da ake sawa da rana kiɗan fiyano ne da yabon masu neman kujera, waƙa ɗaya a katse ta sau uku. Bara na daure na buga, na roƙi a dawo da kiɗan da ko na kwata ne. Yarinyar da ke gabatarwa ta amsa mini da ladabi, ta ce, "Baba, masu sauraro sun canja." Ban ga laifinta ba. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to mu a nan makaɗan ne suka ƙare. 'Ya'yansu na kabu-kabu a birni. Gayyar da ake yi wa kiɗan noma ta mutu, gona mai nisa ma yanzu da fargaba ake zuwa. Ina jin da Yaya na nan ba zai ce in ɗauko biro ba. Ana rubuta wasiƙa ne inda ake sa ran gyara.

Na san kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Duk da haka in na auna abin da ya saura na Yaya, ba shi da yawa. Rigunan da ya ɗinka sun tsufa, rumfar ta zama shagon cajin waya. Ya bar 'ya'ya masu yi masa addu'a, wannan kam alhamdu lillahi. Amma kunnen nan nasa, da ke gane makaɗi tun bugun farko, babu wanda ya gada.

Watan jiya na je gaida Alhaji Sani a gidansa a Shagari. Idonsa ya tafi, ba ya fita. Na tambaye shi ko yana tuna baitocin waƙar Lambara in rubuta. Ya ɗan rera sautin a maƙoshi, na kama masa da layi biyun da na riƙe. A na uku muka saɓa: shi ya ce kaza ne, ni na ce a'a. Muka fara gardama, har muryarsa ta ɗaga kamar da. Sai ya shafa fuskarsa.

Ya ce, "Malam Mamman, mu bari. Mai raba mu gardamar shina ƙasa."

Na mai da biro aljihu, muka yi masa fatiha. Allah Ya jiƙan Yaya Ummaru da mahaifinmu, Ya sa sun huta.