An kira shi don akuya

Kafin rana ta yi zafi, Malam Maniru ya riga ya ɗaure akwatin alluransa a bayan babur ya bar Shagari. Yau Dandin Mahe, gobe Kajiji, jibi wata rugar da babur ma da ƙyar yake kaiwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana duba dabbobinmu, kuma a watan nan zai ajiye aiki.

A ofishinsa akwai wani tsohon littafi mai hotunan namun daji, kullum muna yi masa tsiya a kansa. Ya taɓa nuna mini wata dabba ta ƙasashen Amurka, wai ita kowati, mai dogon hanci da wutsiya zobe-zobe, 'yar'uwar wata da ake kira rakun. Na ce, "Wagga ai inyawararmu ce mai cin kaji." Ya ce kama ce kawai, ba dangi ba ne. Kowati da rana take kiwo, halinta ke nan, amma inyawara in ka gan ta da rana, ka ji tsoro. Ya ƙara da cewa a can rakun na ɗaukar ciwon haukan kare. Na yi dariya, na ce Malam karatu ya yi maka yawa.

Bara, lokacin cirar albasa, dariyar ta ƙare. Yayata Jummai ta shiga rumfar albasarsu a Kajiji da hantsi, sai ga inyawara tsaye, ko gezau. Ta ciji akuyar da ke ɗaure a ƙofa, ta juyo ta cafke Jummai a ƙwauri. Maza suka kashe inyawarar. Da na iso na tarar ana hamdala, wai tunda ba kare ba ne, da sauƙi. Aka barbaɗa garin magani, aka ɗaure da tsumma. Kunyar da nake ji har yau, ni ma na yi hamdalar, maganar littafin ko tunawa ban yi ba.

Malam Maniru aka kira, amma don akuya. Yana durƙushe yana duba ta, Jummai ta gifta tana ɗingishi.

"Mi yas same ki?"

"Ba komi, Malam. Waccan dabba ce."

"Da rana tac cije ki?"

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya sa aka kwance tsumman, aka yi ta wanke ciwon da ruwa da sabulu har Jummai ta fara kuka. Ya ce asibiti, Sakkwato, yanzu. Mijinta Arzika ya ce a bari a gama cirar albasa tukuna. Malam ya miƙe tsaye.

"Arzika, ni likitan dabbobi ne, amma na ga mutum biyu da wanga ciwo na haukan kare ya kai kabari. In alamu sunka fito, babu mai tsai da shi. Ka zaɓa."

Aka tafi da Jummai aka fara allura, shi kuma ya sa aka binne inyawarar da zurfi, aka killace akuyar nesa da mutane.

Wayyo, makonnin nan! Ya gaya mana mai ciwon yakan ji tsoron ruwa, don haka duk sanda Jummai ta ɗauki moɗa sai in zuba mata ido har ta haɗiye. Duk ranar allura kuwa sai ka ji ƙarar baburinsa, ya zo ya tabbatar ba a yi fashi ba. A mako na uku akuyar ta fara dalalar da yawu tana cizon turkenta, kwana biyu ta mutu. Jummai na tsaye daga nesa tana kallo. Bakin dabba ɗaya ne ya cije su, a sa'a ɗaya.

Malam Maniru, kai ne mai ganin abin da ba a nuna maka ba. Ba aikinka ba ne, babu wanda zai tuhume ka da ka ɗaure akwatinka ka wuce. Jummai na nan da ranta, bana ma ita ta fara shiga fadama. Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna.

Ku kuma da za ku gaje shi, ina roƙonku abu ɗaya. In an kira ku don akuya, ku ɗaga kai ku dubi matar da ke ɗingishi.